Kundin The Byrds' Greatest Hits na 1967: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara tonon tsofaffin waƙoƙin Amurka na shekarun 1960, ko ba daɗe ko ba jima sai ya ci karo da wannan faifai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin masu saurare suka fi maimaitawa a kansa. An faro daga masu sauƙi, aka gangara zuwa waɗanda sai mutum ya ɗan zauna da faifan kafin su taso masa.

Wane faifai ne wannan, kuma yaushe ya fito?

Kundi ne da kamfanin Columbia ya fitar a Amurka ranar 7 ga Agustan 1967. An tattara waƙoƙi 11 na ƙungiyar Byrds daga manyan fayafayansu huɗu na farko: Mr. Tambourine Man na watan Yunin 1965, da Turn! Turn! Turn! na Disambar 1965, da Fifth Dimension na Yulin 1966, sai Younger Than Yesterday na Fabrairun 1967. Babu sabuwar waƙa ko ɗaya a ciki. Duka tsawonsa ya ɗan haura rabin awa kaɗan, wato kafin shinkafa ta nuna ka gama jin sa. Ya kai matsayi na 6 a jadawalin cinikin fayafai na mujallar Billboard ta Amurka, kuma har yau shi ne faifan da ya fi kowanne ciniki cikin duk abin da ƙungiyar ta fitar.

Su waye Byrds ɗin, kuma me ya sa ake rubuta sunan da harafin y?

Samari biyar ne da suka haɗu a birnin Los Angeles a 1964: Jim McGuinn, wanda ya sauya suna zuwa Roger a 1967, da Gene Clark, da David Crosby, da Chris Hillman, da Michael Clarke. Ukun farko mawaƙan gargajiyar Amurka ne masu yawo da jitar katako daga wannan gidan shan kofi zuwa wancan, kuma a wani kulob mai suna Troubadour suka fara gano cewa muryoyinsu na shiga juna. Hillman makaɗin mandolin ne, aka miƙa masa jitar bes alhali bai taɓa riƙe ta ba. Shi kuwa Clarke, siffarsa aka duba, don yana kama da Brian Jones na Rolling Stones. Da farko ma ba shi da ganga, a kan kwalaye yake atisaye.

Sunan na nufin tsuntsaye, sai aka karkatar da rubutun da gangan, kamar yadda Beatles suka yi wa nasu. Kafin nan sun amsa sunan Jet Set, suka kuma fitar da ƙaramin faifai guda, irin mai waƙa ɗaya a kowace fuska, da sunan Beefeaters. A kula kada a rikita Gene Clark mawaƙi da Michael Clarke maganga, domin ba su haɗa dangi ba.

Mene ne fok-rok da ake ta danganta su da shi?

A farkon shekarun 1960 matasan Amurka sun rabu gida biyu. Akwai masu waƙar gargajiya, waɗanda ke ɗaukar kansu masu tunani, kalmominsu na da nauyi, kayan kiɗansu ba ruwansu da lantarki. Akwai kuma masu rok, kiɗan rawa da ganga da jitar lantarki, wanda ɓangaren farko ke yi wa kallon shirmen yara. Fok-rok shi ne auren waɗannan biyu: baitocin gida na farko a bisa kiɗan gida na biyu. Jaridun Amurka sun fara amfani da kalmar a tsakiyar 1965, daidai lokacin da Mr. Tambourine Man ke saman jadawali, kuma Byrds ɗin suke nufi da ita. A Yulin shekarar ne Bob Dylan, jagaban masu waƙar gargajiyar, da kansa ya hau dandalin bikin Newport da jitar lantarki, wasu daga cikin masoyansa suka yi masa ihun ba ma yi.

Fuskar farko ta wannan faifai, waƙoƙi shida, ita ce fassarar kalmar da kunne. Wanda ya ji ta ba ya buƙatar dogon bayani.

Waɗanne waƙoƙi ne a ciki, kuma yaya aka jera su?

A fuska ta farko akwai Mr. Tambourine Man, I'll Feel a Whole Lot Better, The Bells of Rhymney, Turn! Turn! Turn!, All I Really Want to Do, da Chimes of Freedom. Idan ka juya faifan sai ka samu Eight Miles High, Mr. Spaceman, 5D, So You Want to Be a Rock 'n' Roll Star, sannan My Back Pages ta rufe.

Rabon bai zo daidai ba: biyar daga faifansu na farko, ɗaya tak daga na biyu, uku daga na uku, biyu daga na huɗu. Amma jerin na da hikimar da mai ji a waya ba zai lura da ita ba. Fuskar farko duka ta 1965 ce, kiɗa garau, muryoyi a jere kamar an sa ma'auni. Allura ta kai ƙarshe, ka tashi ka ɗaga ta, ka juya faifan, ka sake ɗora ta. Abin da zai fara dukan kunnenka shi ne gurnanin bes ɗin Hillman a farkon Eight Miles High, kuma nan take ka san an shiga wata shekara, mutanen ma sun sauya. Wannan ɗan shirun na juya faifai yana cikin labarin.

Waƙoƙi huɗu cikin 11 na Bob Dylan ne. Ba su da nasu ne?

Suna da su, kuma maganar za ta dawo a amsar da ta shafi Gene Clark. Amma gaskiya ne da waƙar Dylan suka shigo kasuwa. Manajansu Jim Dickson ne ya samo wani faifan gwaji na Mr. Tambourine Man tun kafin Dylan ya fitar da tasa, ya matsa musu su koye ta, su kuwa da farko ba ta burge su ba. Sauran ukun, All I Really Want to Do da Chimes of Freedom da My Back Pages, duk daga faifai ɗaya aka ɗebo su, Another Side of Bob Dylan na 1964.

Abin dubawa shi ne yadda suka sarrafa su. Mr. Tambourine Man ta Dylan baiti huɗu gare ta, tana cin fiye da minti biyar, daga shi sai jita da harmonika da wata jita mai rakiya. Byrds suka zubar da baiti uku, suka riƙe na biyu kaɗai da amshi, suka sauya takun waƙar ya koma irin na Beatles, ta dawo wajen minti biyu da rabi, wato daidai abin da gidajen rediyon lokacin ke yarda su saka. Haka suka rage baitocin Chimes of Freedom. Masu kishin Dylan kan ce an yi wa waƙoƙin kaciya. A ganina wannan hukunci bai yi adalci ba. Yanka ɗanyen yadi ya zama riga sana'a ce mai zaman kanta, kuma mutane da yawa da ba za su taɓa jure muryar Dylan ba ta wannan hanya suka san kalmominsa.

Da gaske ne ba su suka kaɗa Mr. Tambourine Man ba?

Da gaske ne, amma a ƙayyade maganar. Ranar 20 ga Janairun 1965 aka ɗauki waƙar a situdiyon Columbia da ke Hollywood. Furodusan, Terry Melcher, ɗan shahararriyar jaruma Doris Day, ya ga hannun yaran bai faɗa ba tukuna, kuma lokacin situdiyo kuɗi ne. Sai ya kira ƙwararrun makaɗan haya, waɗanda daga baya aka riƙa kira Wrecking Crew, ciki har da Hal Blaine a kan ganga da Larry Knechtel a kan bes. McGuinn kaɗai aka bari ya kaɗa jitarsa. Muryoyin kuwa nasu ne: McGuinn da Clark da Crosby.

Waƙa biyu kawai aka yi wa haka, wannan da wadda ke bayanta a ƙaramin faifan, I Knew I'd Want You. Kafin a shiga ɗaukar sauran babban faifan sun shafe makonni suna wasa kowane dare a kulob ɗin Ciro's da ke titin Sunset Strip, hannu ya faɗa, suka kaɗa abinsu. Saboda haka cikin waƙoƙi 11 na wannan kundi, ɗaya ce ta makaɗan haya. Jita-jitar ta fi gaskiyar girma, kuma ta bi su shekaru, abin da ya sa So You Want to Be a Rock 'n' Roll Star, da za a tattauna a gaba, ke da ɗan ban dariya.

Wace irin jita ce ke yin wannan ƙara kamar ƙararrawa?

Rickenbacker ce ta lantarki mai tsirkiya 12. McGuinn ya gan ta a hannun George Harrison a fim ɗin Beatles na 1964, A Hard Day's Night, ya fita ya nemo tasa. Tsirkiyoyin biyu-biyu suke, ƙafa shida. A huɗu daga ciki, ɗaya tsirkiyar kauri gare ta, ɗayar siririya mai amo iri ɗaya amma a sama, saboda haka duk taɓawa ɗaya sauti biyu ke fita, kamar babba da yaro na faɗin kalma ɗaya tare.

Sai dai jitar kaɗai ba ta isa ba, da yawa sun saya ba su samu wannan amon ba. Abu biyu suka ƙaru. Na farko, a situdiyo an bi da sautin ta na'urar matse sauti, wadda ke danne ƙarfin bugun farko ta ɗago wutsiyarsa, sai amon ya daɗe yana rawa a iska maimakon ya mutu nan take. Na biyu, McGuinn tsohon makaɗin banjo ne. Yana riƙe abin kaɗawa tsakanin babban yatsa da manuni, ya kuma sa faratan ƙarfe a wasu yatsun, yana tsintar tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da sauri. Sa abin ji a kunne ka saurari daƙiƙu goma na farkon Mr. Tambourine Man, za ka ji kowace tsirkiya na shigowa kafin ta gabanta ta yi shiru.

Bashin ma an biya shi. Harrison ya ɗauki salon jitar The Bells of Rhymney ya gina If I Needed Someone a kai, wadda ta fito a Rubber Soul a ƙarshen 1965, kuma bai ɓoye inda ya samo ba.

An ce kalmomin Turn! Turn! Turn! daga Littafi Mai Tsarki suke. Haka ne?

Haka ne. Pete Seeger, dattijon mawaƙan gargajiyar Amurka, shi ya ɗauko ayoyi takwas na farkon sura ta 3 ta littafin Mai-Wa'azi a ƙarshen shekarun 1950, ya sa musu kari. Wurin nan ne da ke cewa kowane abu da lokacinsa, na haihuwa da na mutuwa, na shuka da na girbi, na yaƙi da na salama. A al'adar Yahudawa da Kirista ana jingina littafin ga Sarki Sulaimanu. Abin da Seeger ya ƙara na kansa kaɗan ne: kalmar da ake maimaitawa sau uku a amshi, da ɗan layin ƙarshe mai cewa lokacin salama bai ƙure ba.

McGuinn ya san waƙar tun kafin a kafa Byrds, don shi ya tsara wa Judy Collins ita a faifanta na 1963. An ruwaito cewa sai da ƙungiyar ta ɗauke ta sau 78 cikin kwana biyar kafin a samu wadda aka fitar. Ta hau matsayi na 1 a Amurka a Disambar 1965, ta yi mako uku a can, a shekarar da Amurka ke ta tura sojoji Biyetnam. Wannan layin ƙarshe na Seeger shi ne abin da iyaye da matasa suka fi ji.

Wane ne Idris Davies da ke cikin sunayen marubuta? Musulmi ne?

Wannan tambaya ba ta rasa fitowa. A'a, mutumin Wales ne ta Birtaniya, kuma Idris tsohon suna ne a harshensu, har akwai dutse mai suna Cadair Idris a ƙasar. Kama ce kawai ta zo ɗaya da sunan da muka sani. Davies ya yi aikin haƙar kwal tun yana yaro kafin ya zama malamin makaranta da marubucin waƙa. The Bells of Rhymney daga littafinsa na 1938 take, Gwalia Deserta, inda ƙararrawar cocin kowane gari ke faɗin nata game da wahalar masu haƙar kwal da halin masu ma'adinan. Seeger ne a nan ma ya sa mata kari.

Ba a taɓa fitar da ita a ƙaramin faifai a matsayin babbar waƙa ba, amma ni dai ita nake fara nuna wa mai tambayar me Byrds suka iya. Kuskure guda suka yi: mutanen garin “Ramni” suke cewa, su kuwa suka rera “Rimni”.

Me ya sa gidajen rediyo suka ƙi saka Eight Miles High?

Ta fito a Maris 1966. Bayan 'yan makonni wata takardar mako-mako da ke ba gidajen rediyo shawarar abin da za su saka, Gavin Report, ta zarge ta da tallar ƙwaya, saboda kalmar da ke nufin “sama” a Turanci ita ce kuma ake faɗa wa wanda ya bugu. Tashoshi da dama suka janye ta. Ta tsaya a matsayi na 14 a Amurka, na 24 a Birtaniya. Ƙungiyar ta musanta, ta ce labarin tafiyarsu Landan ne a jirgin sama a Agustan 1965, kuma baitocin sun goyi bayansu: gari mai ruwan sama da hazo, baƙon wuri, taron 'yan mata masu ihu. Shekaru bayan haka Clark da Crosby suka amsa cewa ƙwayar ma tana ciki. Kowane ɓangare na da rabin gaskiya ke nan.

Amma ban yarda takunkumin kaɗai ya hana ta kai ƙololuwa ba. Waƙar ba ta yi kama da komai da ke rediyo a lokacin ba. A rangadinsu na ƙarshen 1965 kaset ɗaya suke ta juyawa a mota, gefe guda John Coltrane mai busa saksofon, ɗaya gefen Ravi Shankar makaɗin sitar na Indiya. McGuinn ya yi ƙoƙarin sa jitarsa ta yi abin da saksofon ɗin Coltrane ke yi, musamman a kiɗansa mai suna India, shi ya sa ake jin jitar na tuntuɓe tana rugawa kamar za ta kuɓuce. Mai jiran irin Turn! Turn! Turn! da ya ji wannan dole ya ɗaga gira. Da yawa na ƙirga ta cikin waƙoƙin farko na salon da aka kira saikedelik. Akwai kuma wata ɗaukar da suka fara yi a situdiyon RCA a Disambar 1965, wadda Columbia ta ƙi karɓa don ba a gidanta aka yi ba. Ta kundin nan ita ce ta biyu.

Wa ke busa ƙaho a So You Want to Be a Rock 'n' Roll Star?

Hugh Masekela ne, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya bar ƙasarsa a 1960 bayan kisan da 'yan sanda suka yi wa masu zanga-zanga a Sharpeville, ya yi shekaru 30 yana gudun hijira. Ya sake hawa dandali da su a bikin Monterey a Yunin 1967, shekara guda kafin tasa Grazing in the Grass ta kai matsayi na 1 a Amurka. Shi ne kuma wanda daga baya ya zo Legas wajen Fela, ya yi faifai da ƙungiyar Hedzoleh Soundz ta Gana a 1973.

McGuinn da Hillman suka rubuta waƙar, habaici ne ga ƙungiyoyin da kamfanoni ke ƙerawa dare ɗaya, kuma kowa ya fahimci Monkees ake nufi, ƙungiyar da aka harhaɗa don wani shirin talabijin. Mai ƙin Byrds zai iya cewa ai ku ma an ɗauki magangarku don gashinsa, an kuma kaɗa muku waƙarku ta farko, kamar yadda aka bayyana a sama. Ihun 'yan kallo da ake ji a ciki na gaske ne. Jami'in yaɗa labaransu, Derek Taylor, ya naɗe shi a wasansu na garin Bournemouth a 1965.

Duk waƙoƙin nan sun yi fice da gaske, ko dai suna ne kawai?

Biyu ne suka kai matsayi na 1 a Amurka, Mr. Tambourine Man da Turn! Turn! Turn!. Daga nan sai Eight Miles High a na 14. Sauran na can ƙasa: So You Want to Be a Rock 'n' Roll Star na 29, My Back Pages na 30, Mr. Spaceman na 36, All I Really Want to Do na 40, 5D na 44. All I Really Want to Do ta yi rashin sa'a ne a gida, don mawaƙiya Cher ta fitar da tata a lokaci guda ta sha gabansu, amma a Birtaniya ta Byrds ta kai na 4. Uku kuwa ba su shiga wannan lissafi ba: I'll Feel a Whole Lot Better bayan ƙaramin faifai take, The Bells of Rhymney da Chimes of Freedom kuma daga cikin babban faifai aka ciro su.

Lambobin na nuna wani abu da kunne ba zai gaya maka ba: kiɗan na ƙara zurfi, ciniki na raguwa. My Back Pages ce waƙarsu ta ƙarshe da ta shiga sahun 40 na farko a Amurka.

Shekara biyu kacal da fitowarsu, me ya kawo gaggawar tattara kundi?

Kasuwa. A lokacin ba wanda ya ɗauka ƙungiyar rok za ta wuce shekara uku ko huɗu, don haka kamfani kan girbe tun gona na da albarka. Faifansu na farko ya kai na 6, na biyu na 17, na uku da na huɗu kowanne na 24. Ƙaramin faifan da suka fitar a Yulin 1967, Lady Friend ta Crosby, ko kusa da sahun gaba bai je ba, kuma ba a sa shi a kundin ba. Columbia ta ga inda aka dosa.

Cikin gida ma wuta na ci. A Monterey Crosby ya riƙa jawabi tsakanin waƙoƙi, har da batun kisan Shugaba Kennedy, ya kuma hau dandali da wata ƙungiyar, Buffalo Springfield, abin da ya ɓata wa McGuinn da Hillman rai. A Oktoban 1967, wata biyu bayan fitowar kundin, suka sallame shi. Kafin shekarar ta ƙare Michael Clarke ma ya tafi. Ba da niyya ba, faifan ya zama hoton ƙarshe na gidan kafin a watse.

Me ya sa masoya Gene Clark ke ƙorafi a kan wannan kundi?

Domin shi ne babban marubucin ƙungiyar a shekarar farko, amma kundin ya nuna shi kamar ɗan rakiya. A faifansu na farko, duk waƙoƙi biyar da ba na aro ba da hannunsa a ciki. A nan kuwa I'll Feel a Whole Lot Better kaɗai ce tasa shi ɗaya, sai Eight Miles High da ya yi tarayya da McGuinn da Crosby, ko da yake mafi yawan baitocin nasa ne. An bar She Don't Care About Time, an bar Set You Free This Time, an bar The World Turns All Around Her. Wanda ya tsaya a wannan faifai zai ɗauka Byrds jitar McGuinn ce da alƙalamin Dylan, kuma wannan ne babban aibin kundin a wurina.

Clark ya bar ƙungiyar a farkon 1966. Dalilin da aka fi faɗa shi ne tsoron jirgin sama: ya firgita a cikin jirgin da ke shirin tashi zuwa New York, ya sauka. Akwai kuma na aljihu. Marubuci na samun kason da makaɗi ba ya samu, Clark ya sayi Ferrari tun sauran na lallaɓawa, kuma ido ba ya son ganin haka. Mutumin da ya rubuta waƙar tafiya a sama shi ne ya kasa hawa jirgi. Ya rasu a Mayun 1991, wata huɗu bayan su biyar sun tsaya tare a bikin shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. Shekara biyu kafin nan Tom Petty ya sake rera I'll Feel a Whole Lot Better a faifansa Full Moon Fever, ya kai ta ga sabon zamani.

Crosby ma na da nasa ƙorafin, don sunansa sau ɗaya ya fito a marubuta, kuma ya yi adawa da ɗaukar My Back Pages tun farko, yana ganin komawa ga Dylan ci baya ne.

Ina Chestnut Mare da Ballad of Easy Rider? Ban gan su ba.

Ba a yi su ba tukuna. Ballad of Easy Rider ta 1969 ce, Chestnut Mare ta 1970, lokacin McGuinn kaɗai ya rage cikin mutanen farko. Waɗannan na cikin kundi na biyu, kuma a yi hattara, domin iri biyu ne masu suna kusan ɗaya: wanda aka fitar a Birtaniya a 1971, da The Best of The Byrds: Greatest Hits, Volume II na Amurka a 1972. Jerin waƙoƙinsu ba ɗaya ba ne.

Wane bugu ya kamata in nema?

Na asali ya fito iri biyu, mono da sitiriyo. A mono an haɗe komai a hanya ɗaya, kuma haka masu rediyo suka ji waƙoƙin a 1965, da ƙarfi a dunƙule. A sitiriyon wancan zamani akan ware kayan kiɗa, wannan dama wancan hagu, abin da kan ɗan dami mai sa abin ji a kunne. Na taɓa sauraron sa da abin kunne mai mataccen gefe ɗaya, na yi ta mamakin inda rabin kiɗan ya shige.

Ga mai neman sauƙi, bugun CD na 1999 ya fi. An gyara sautin, an kuma ƙara waƙoƙi uku: It Won't Be Wrong, da Set You Free This Time ta Clark, da Have You Seen Her Face ta Hillman. Ƙarin ya ɗan rage zaluncin da aka ambata a amsar Gene Clark. Idan a manhajar waya kake ji, ƙirga waƙoƙin: 11 na asali ne, 14 na 1999 ne, abin da ya wuce haka wani kundin ne daban mai kama da suna, don an yi su da yawa. Mai sayen tsohon faifan garmaho kuma ya karkata shi a haske ya duba zane, musamman a waƙar farko ta kowace fuska, inda allura ta fi sauka.

Na gama jin sa, ya kuma yi mini. Sai me?

Ya danganta da fuskar da ta kama ka. Idan ta farko ce, koma babban faifan Mr. Tambourine Man gaba ɗayansa, kusan rabinsa ka riga ka sani, sauran rabin kuma a nan Clark yake. Idan ta biyu ce, Younger Than Yesterday, inda Hillman ya fito a matsayin marubuci, Crosby kuma ya yi Everybody's Been Burned. Daga nan The Notorious Byrd Brothers na Janairun 1968, wanda aka ɗauka ana tsakiyar rigimar da aka faɗa a sama, kuma duk da haka da yawa na ganin ya fi sauran. A bangonsa mutum uku ne ke leƙowa ta tagogi, taga ta huɗu doki ne a ciki.

Sweetheart of the Rodeo na Agustan 1968 kuwa a bar shi sai ƙarshe. A nan Gram Parsons ya shigo, aka koma kiɗan ƙauyawan Amurka na Nashville da jitar ƙarfe mai kuka, Rickenbacker ta koma gefe. Mai zuwa neman ƙararrawar Mr. Tambourine Man ba zai same ta a can ba.